Ahmed Musa: tsanin da ya taka, da wanda 'ya'yan ƙasar Daura ke nema

A tsakiyar watan Disambar 2025 Ahmed Musa ya sanar da cewa ya ajiye rigar Super Eagles, bayan shekara goma sha biyar yana sanya ta, da wasanni 111 a bayansa, adadin da babu ɗan Najeriyar da ya kai shi a tawagar maza. Tun daga ranar yabo yake ta zuba kamar ruwan Agusta, kuma ba ni da ja a kai. Sai dai na lura kusan duk wanda ya ɗauki alƙalami ko ya kama waya, ranaku biyu kawai yake ambato: ranar Ajantina da ranar Iceland. Ni kuwa da nake zaune a Daura, inda kowane fegi da ba a gina ba ya zama filin ƙwallo da la'asar, wata shekara ce daban ta fi tsaya mini a rai. Amma kafin in kai gare ta, bari in ba waɗancan ranaku biyu haƙƙinsu.

Ranar 25 ga Yunin 2014, a birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil, Lionel Messi ya zura wa Najeriya ƙwallo a minti na uku. Masu murna ba su gama komawa kujerunsu ba yaron Jos ya karɓi ƙwallo ta gefen hagu, ya karkato ciki, ya lanƙwasa ta zuwa kusurwar raga. Messi ya ƙara ta biyu daf da hutun rabin lokaci, ana dawowa Ahmed ya sake farkewa. An tashi 3-2 Ajantina ce da nasara, amma a ranar ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci ƙwallo biyu a wasa ɗaya na kofin duniya. Wanda ya manta halin da ƙasa ke ciki a wancan mako, in tuna masa. Kwana takwas kafin nan bam ya tashi a wani gidan kallon ƙwallo a Damaturu, kuma a ranar wasan kanta wani ya tashi a wata cibiyar kasuwanci a Abuja. Jama'a da yawa a Arewa sun kalli wasan nan zuciya na ɗar-ɗar, ido ɗaya a kan talabijin, ɗaya a bakin ƙofa. A lokacin da sunan Arewa ba ya fitowa a labaran duniya sai tare da adadin gawawwaki, sai ga masu sharhi a kowane harshe suna kiran sunan Musa har sau biyu.

Bayan shekara huɗu, ranar Juma'a 22 ga Yunin 2018, mako guda bayan ƙaramar Sallah, ya maimaita a birnin Volgograd na Rasha. Najeriya ta riga ta sha kashi a hannun Kuroshiya, kuma ta shafe rabin lokaci na farko da Iceland ba tare da ta kai hari ko ɗaya ba. Ana dawowa Victor Moses ya aiko ƙwallo daga dama, Ahmed ya tare ta da ƙafa tana sama, ya buga ta kafin ta gama sauka. Ta biyun kuwa gudu ne zalla: ya bar mai tsaron baya a tsaye, ya kewaye gola, ya dubi raga a natse, ya ɗaɗa. Ƙwallo huɗu ke nan a kofin duniya, babu ɗan Najeriyar da ya kamo shi. Tun da Gana ta hana mu zuwa gasar 2022, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kuma ta fitar da mu daga neman gurbin ta 2026 a bugun fenareti, wannan tarihi zai zauna daram aƙalla zuwa 2030. Victor Osimhen, duk da girman sunansa, har yau bai taka filin kofin duniya na manya ba.

Ga kuma kofin nahiyar Afirka na 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, inda ya shigo daga benci ya ci Mali ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe. Ga tagulla a Masar a 2019. Ga azurfa a Kwaddibuwa a farkon 2024, ko da yake wannan daga benci ya kalli gasar yana kyaftin.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Babban makaminsa gudu ne, kuma duk wanda ya bi wasanninsa ya san ranakun da yakan bar kowa a baya sannan ya aika ƙwallo cikin 'yan kallo. A Rasha ya yi zamani sosai: ya ɗauki kofin gasar ƙasar sau uku da CSKA ta birnin Mosko, a 2013 da 2014 da 2016. Ingila ce ta ƙi shi. Leicester ta saye shi a Yulin 2016 a kan fam miliyan 16.6, kuɗi mafi yawa da ta taɓa biya a lokacin, ya ci Barcelona biyu a wasan share fage har mutane suka ce kakarsa ta yanke saƙa. Da aka shiga gasar Firimiya, ƙwallo biyu kacal ya ci. An sallami Claudio Ranieri da ya kawo shi a Fabrairun 2017, shi kuma ya zama ɗan benci har aka mayar da shi Mosko aro a Janairun 2018. Abin da ya burge ni shi ne bai zauna yana karɓar albashin Ingila yana ruɓewa ba. Ya koma inda zai buga wasa, kuma wata biyar bayan haka Iceland ta gane kurenta. Daga nan sai Al Nassr ta Saudiyya, inda ya ɗauki kofin gasa a 2019, shekara uku da rabi kafin Cristiano Ronaldo ya san hanyar Riyad.

To, shekarar da na ce ta fi tsaya mini ita ce kakar wasa ta 2009 zuwa 2010.

An haifi Ahmed a Jos ranar 14 ga Oktoban 1992. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa 'yar asalin jihar Edo ce ta yi ɗawainiyarsa. Ba ɗan mai kuɗi ba ne, ba ɗan wani ba ne. Abin da ya samu shi ne tsani mai matakai a jere. Matakin farko makarantar koyon ƙwallo ta GBS a Jos, wadda ta yi masa rajista. Ita ta ba da shi aro ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wadda ke buga babbar gasar ƙasa a lokacin. Daga can aka ba da shi aro ga Kano Pillars, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Wanda ya san gasar Najeriya ta wancan zamani, da tafiyar kwana a mota, da filayen da ƙwallo ke tsalle kamar kwaɗo, da yadda cin wasa a waje ke da wuya kamar cire ƙaya da gwiwar hannu, ya san nauyin wannan adadi.

Waɗannan ƙwallaye 18 su ne fasfonsa. Su suka sa aka kira shi tawagar ƙasa, ya fara bugawa a wasan Madagaska a Satumbar 2010. Su suka sa VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta neme shi, kuma ko ita sai da ta jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba, domin dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro daga wata ƙasa kafin wannan shekaru. Venlo ƙaramin gari ne a bakin iyakar Jamus, ƙungiyar kuma mai fafutukar kada ta faɗo ce, ba mai neman kofi ba. Can ma Tijjani Babangida ya yi zaman aro a farkon shekarun 1990 kafin ya kai Ajax. Ahmed ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni, ya ci Feyenoord biyu a Mayun 2011, sannan CSKA ta zo a Janairun 2012. Kowane mataki ya ɗan ɗara na baya, babu inda aka yi tsalle.

Haka ma na gabansa suka yi. Marigayi Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a 1994, a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara, ya bi ta Shooting Stars da Abiola Babes da Africa Sports ta Abijan kafin ya isa Fotugal. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna ya tafi Beljiyam. Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauki gasar ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. Masaƙu da asibitoci da attajirai su ne suka riƙe ƙasan tsanin a Arewa. Da masaƙu suka mutu, ba ma'aikata kaɗai suka rasa madogara ba.

Yanzu mai karatu ya zo mu dubi gida. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure. A 'yan shekarun nan mun samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, mun samu jami'ar sufuri, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi an tsara ya ratsa ta nan. Matasa kuwa ba a magana. Je ka kowane filin firamare bayan sallar La'asar, za ka ga yara suna taka leda da ƙafa tsirara, wasu da takalmi wari ɗaya an raba tsakanin mutum biyu, kuma a cikinsu akwai waɗanda in ka ga gudunsu sai ka riƙe baki. Tambayata ita ce, yaro ɗan shekara goma sha huɗu a Baure da Allah ya ba shi ƙafa irin ta Ahmed, ina zai sa ta a matakin farko? Saman tsanin yana nan: Katsina United na buga wasa a filin Muhammadu Dikko da ke Katsina, Pillars na Kano. A ƙarƙashinsu akwai gasar ƙasa mai daraja ta biyu da ta uku. Amma tsakanin filin firamaren Baure da waɗannan, rami ne. Ƙungiyoyin unguwa muna da su birjik, masu horar da su suna ciyar da yara daga aljihunsu, Allah ya saka musu. Mafi yawansu dai ba su da rajista, ba su da gasar da aka san ranar farawarta da ranar ƙarewarta, babu mai rubuta wa ya ci nawa. Yaron da ya ci ƙwallo talatin a shekara a irin wannan fili, labarinsa bai wuce bakin masu shayi ba.

Abin da muke da shi a madadin gasa shi ne kofin ɗan siyasa. Yakan ɓullo idan zaɓe ya ƙarato, a buga riguna ɗauke da hoton mai gida, a yi wasan ƙarshe da kiɗa da jawabai, a ba da babur ko keken ɗinki, sannan a yi ɗif sai bayan shekara huɗu. Da yake 2027 na tafe, ku sa ido, za ku ga kofuna suna tsirowa kamar naman kaza bayan ruwan farko. Ban ce a daina ba, yara na jin daɗi. Amma biki daban, tsani daban.

Inda aka bar rami kuwa, sai maciji ya shiga, mu kuma mutanen Daura mun san tarihin maciji da rijiya. Yaron da bai ga matakin farko ba sai ya ɗaga kai yana hangen na ƙarshe. Ya san sunan 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya da na benci, bai san mutum uku a Katsina United ba. Nan ne dillalan bogi ke samun kasuwa. Na san wani magidanci a ƙasar Sandamu da ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya ba wani mai kwat da takarda mai tambari, a kan alkawarin za a kai ɗansa gwaji Turai. Yaron ya yi wata huɗu a wani ɗaki da wasu samari a wata ƙasa ta Arewacin Afirka, bai ga ƙungiya ba, bai ga dillalin ba, sai da dangi suka yi karo-karo ya dawo. Damina ta wuce gonar ba a huɗe ba. Mu da muke bakin iyaka, Kwangwalam na nan kusa, hanyar Damagaram da Agadas a buɗe take, mun san wasu ba sa ma jiran mai kwat. Kowane uba ya riƙe wannan: ƙungiyar ƙwarai ba ta karɓar kuɗi a hannun ɗan wasa, ita ce ke biya, kuma duk mai cewa zai fitar da yaro ɗan shekara goma sha shida ya sa hannu a Turai, ko dai bai san doka ba ko ya san ba ka san ta ba.

Akwai wani ɓangare da masu hannu da shuni na ƙasar nan ya kamata su ji, tun da su lissafi suke fahimta. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya. A cinikin Ahmed zuwa Leicester, wannan kaso ya kai kimanin fam dubu 830. Mu ɗauka wata ƙungiya a Zango ta riƙe yaro shekara huɗu na farko, daga baya aka sayar da shi fam miliyan goma. Haƙƙinta fam dubu ɗari ne, kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi a ƙetare za ta sake samu. Tun 2022 FIFA ta kafa ofishi na musamman da ke bin sawun wannan kuɗi ya aika wa masu shi. Sharaɗin ɗaya ne: sunan yaron da na ƙungiyar su kasance a rajistar hukumar ƙwallo tun lokacin. Mai horarwar da ya sayi takalmi, ya biya kuɗin mota, ya kai yaro asibiti da ya karye, in babu rajista ko sisi ba zai gani ba. Wata makaranta a Legas ko Abuja da yaron ya yi wata shida a cikinta ita za ta kwashe.

Na san abin da wasu iyaye da malamai za su ce: ƙwallo shiririta ce, yaro ya yi karatu ya koyi sana'a. Suna da gaskiya fiye da yadda matasa ke so su yarda. A cikin yara dubu, da wuya ɗaya ya ci abinci da ƙwallo, balle ya zama Ahmed Musa. Kuma shi kansa Yekini, da duk ɗaukakar da ya samu, a kaɗaice ya rasu a Ibadan a 2012. Amma wannan hujja ce ta goyon bayan gasar gida, ba ta rushe ta ba. Yaron da ke buga wa ƙungiyar garinsu ranar Asabar yana kwana a ɗakin uwarsa, yana zuwa makarantar boko da ta allo, yana zuwa gona. In ya kai shekara goma sha takwas babu wanda ya neme shi, ya san matsayinsa tun da wuri, bai yi asarar komai ba. Wanda aka hana shi fili a gida shi ne ke yin asarar karatun da ƙwallon da shanun uban gaba ɗaya.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Maƙwabtanmu na Nijar suna gudanar da kokawar takobi ta ƙasa tun 1975. Kowace jiha tana tace 'yan kokawarta tun daga ƙauyuka har ta fitar da goma, su haɗu a gari ɗaya, ƙasa duka ta kasa kunne a rediyo. Ɗan ƙauyen da ya iya kaye ya san hanyar da zai bi. Mu ma a nan ba baƙin tsari ba ne. Hawan Magajiya da Sallar Gani ba sa jiran shekarar zaɓe. Kowane hakimi ya san ranarsa da gurbinsa a jerin dawaki. Masarautar da ta iya riƙe wannan ɗaruruwan shekaru ba za ta gaza riƙe jadawalin wasannin yara ba.

Shi Ahmed, ya nuna ya san darajar ƙasan tsani. Ya gina cibiyar wasanni a Kano. Da ya bar Saudiyya ya rasa ƙungiya, bai ji nauyin dawowa Pillars a 2021 ba, yana kyaftin na ƙasa. Bayan zamansa a Turkiyya ya sake dawowa a Oktoban 2024, ya ci Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. A nan ina da ɗan ƙorafi: mutum ya zama shi ne shugaban mai horarwa a ofis, kuma ɗan wasansa a fili, abu ne da ba ya ƙarewa lafiya, domin wane koci ne zai cire mai gidansa a minti na sittin? Gara ya zaɓi ɗaya, kuma ina ganin kujerar ta fi buƙatarsa yanzu. Rikicin da 'yan kallo suka yi a filin Sani Abacha bayan wasan Shooting Stars a Oktoban 2025, wanda ya jawo wa Pillars ragin maki, ya isa ya nuna girman aikin da ke gabansa.

Abin da nake roƙo a wajen shugabannin ƙananan hukumominmu biyar da majalisar masarauta bai kai kuɗin kwalbati goma ba. Gasa ɗaya ta 'yan ƙasa da shekara 15, ɗaya ta 'yan ƙasa da 17, a fara bayan an kai amfanin gona gida, a tsara ta yadda ba za ta ci karo da azumi da jarrabawa ba. Kowace ƙungiya ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Katsina. Kowane yaro ya zo da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da shaidar yana zuwa makaranta, domin ragin shekaru ya kashe mana 'yan wasa fiye da karaya. A samu mutum ɗaya mai littafi da zai riƙa rubuta sakamako da sunan masu cin ƙwallo, a ba gidajen rediyo su karanta. Kada a sa wa kofin sunan kowa sai na masarauta.

Ranar wasan ƙarshe kuma a gayyaci masu farautar 'yan wasa na Katsina United da Kano Pillars, a ajiye musu kujera da jerin sunaye da shekaru. Daga ofishin babban manajan Pillars zuwa Daura, ta Dambatta da Kazaure, tafiyar ba ta kai awa uku ba, kuma mutumin da ke kan wannan kujera a yau ya san kamannin yaro maraya mai gudu da babu wanda ya san sunansa.